3.4 Hirar Oprah Winfrey da Lance Armstrong: Nazarin Tsari da Salon Tambaya

A sashen da ya gabata an bayyana cewa hira da fitattun mutane a talabijin takan tsaya ne a kan ƙafa biyu, wato sana'ar baƙo da kuma rayuwarsa ta gida. A nan za a ɗauki misali guda domin a ga yadda rinjayen ɗaya kan raunana ɗayar. Misalin kuwa shi ne hirar da Oprah Winfrey ta yi da ɗan tseren keken nan na Amurka, Lance Armstrong, wadda tashar OWN ta nuna kashi biyu, a ranakun 17 da 18 ga watan Janairu, 2013.

3.4.1 Mafarin Hirar

Armstrong ya lashe gasar tseren keke ta Faransa, wato Tour de France, sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, bayan ya warke daga ciwon dajin da aka gano yana da shi a 1996. Ya shafe shekaru yana musanta zargin amfani da magungunan ƙara kuzari, har yana kai masu zarginsa kotu. A watan Oktoba na 2012 hukumar da ke yaƙi da wannan ɗabi'a a Amurka, USADA, ta fitar da rahoton bincikenta, aka kuma ƙwace duk kambunan nan bakwai. Ke nan lokacin da ya zauna gaban Oprah, asiri ya riga ya tonu. Abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi inda zai amsa laifi, sai ya zaɓi ɗakin hira maimakon gaban hukuma, inda rantsuwa za ta hau kansa.

3.4.2 Salon Buɗewa

Haƙiƙa mafi ƙarfin wannan hira shi ne farkonta. Mai gabatarwa ba ta ɓata lokaci wajen gaishe-gaishe da kirari ba. Ta nemi baƙon ya amsa da i ko a'a kawai, sannan ta jero tambayoyi: ko ya yi amfani da haramtattun magunguna, ko EPO na cikinsu, ko an yi masa ƙarin jini, ko hakan ya faru a duk gasanni bakwai. Duka ya amsa da i. Wannan dabara ta toshe masa hanyar kewaye-kewaye, domin gajeriyar tambaya ba ta barin mafaka. Cikin 'yan mintoci ɗan kallo ya sami abin da 'yan jarida suka daɗe suna nema.

3.4.3 Inda Hirar ta Yi Rauni

Sai dai kuma da aka wuce wannan mataki, linzami ya fara komawa hannun baƙo. Ana iya ganin haka a wurare uku. Na farko, ya ƙi ambaton waɗanda suka taimaka masa, har ya yabi likitan nan Michele Ferrari da mutumin kirki. Na biyu, da aka tambaye shi maganar Betsy Andreu, matar abokin tserensa wadda ta ce ta ji yana gaya wa likitoci a asibiti a 1996 cewa ya sha irin waɗannan magunguna, sai ya ce ba zai taɓa batun ba. Na uku, ya ce bai sake amfani da su ba da ya dawo tsere a 2009 da 2010, alhali rahoton USADA ya nuna akasin haka. A nan ne ya kamata mai gabatarwa ta kafe, ta ɗora masa hujja a gaba, amma sai aka wuce. Tambaya mai kaifi in ba a bi bayanta da wata ba, kamar kibiya ce da aka harba ba a bi sawu ba.

Daɗin daɗawa, kashi na biyu ya fi karkata ga iyali da asara: kuɗin tallace-tallacen da ya rasa, rabuwarsa da gidauniyar Livestrong, da yadda ya gaya wa ɗansa Luke ya daina kare shi a wajen mutane. A wannan gaɓa ce kaɗai muryarsa ta karye. Ba a musun cewa wurin yana da taɓa zuciya, amma manazarci ya lura da aikin da ya yi. Ya ɗauke hankalin ɗan kallo daga mutanen da aka ɓata wa suna, irin su Emma O'Reilly, mai yi wa 'yan ƙungiyarsa tausa wadda ya yi ƙara, ya mayar da shi kan baƙin cikin mai laifin. Wanda ya cuci wasu sai ya zama abin tausayi, su kuwa waɗanda aka cuta ba su da kujera a ɗakin.

3.4.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa shigo da rayuwar gida cikin hira ba koyaushe ne yake ƙara fito da gaskiya ba. Wani lokaci yakan zama labule. Haka kuma irin wannan shiri ciniki ne: tasha na neman 'yan kallo, baƙo na neman wanke suna, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Don haka ma'aunin hira mai inganci bai tsaya ga yawan sirrin da baƙo ya faɗa ba, ya haɗa da abin da ya ƙi faɗa da kuma yadda mai gabatarwa ya ɗauki ƙin nasa. Da wannan ma'auni za a dubi hirarrakin 'yan wasan Hausa a babi na huɗu, inda kunya da kara suke ƙara wa mai tambaya wani nauyin.