Cello goma sha biyu sun kama tango, sun riƙe gam

Tango ba tare da bandoneon ba? Duk wanda ya san kiɗan Buenos Aires, babban birnin Ajantina, zai ce ba ta yiwuwa. To ta yiwu, kuma wallahi ta yi daɗi har ta wuce misali! Masu kaɗa cello su goma sha biyu na ƙungiyar Berlin Philharmonic ne suka nuna haka a faifansu mai suna Hora Cero, wanda kamfanin Sony ya fitar a 2016. Tango ne zalla daga farko har ƙarshe, kuma mafi yawansa na mai tsara kiɗan tango Astor Piazzolla ne.

Cello dai yayan goge ne, ƙato mai tsirkiya huɗu, a zaune ake kaɗa shi an rungume shi tsakanin gwiwoyi. Waɗannan mutane tun 1972 ƙungiyarsu ke kiɗa da shi kaɗai, galibi babu wani kayan kiɗa a tare da su. Shi kuwa tango ya saba da taron dangi: fiyano, da violin, da babban bes, sai uwa uba bandoneon, akwatin nan mai maɓallai da ake ja ana matsewa yana numfashi. Abin da ke burge ni, a Jamus aka ƙera bandoneon, sunan Heinrich Band na garin Krefeld ya ɗauka, kafin ya haye teku ya zama muryar Buenos Aires. Yanzu ga makaɗan Berlin sun karɓi kiɗan, sun ajiye akwatin kakanninsu, sun ce cello ya isa.

Kuma ya isa ɗin. Rabon aiki suka yi. Wasu na can ƙasa suna tsinkar tsirkiya da yatsa, suna riƙe da takun nan na Piazzolla, uku, uku, biyu, mai sa kafaɗa motsi ko mutum bai shirya ba. Wasu na dukan jikin katakon da tafin hannu. Wasu kuma su haura can ƙololuwa inda violin ke zama, muryar ta yi siriri tana rawa, amma da wani kauri a ƙarƙashinta wanda violin ba shi da shi. Sai kuma jan nan da makaɗan tango ke yi kafin bugu ya sauka, a taho da sauti a hankali, a kumbura shi, a sake shi tim! Idan cello da yawa suka yi shi tare, a ƙirji ake jin sa kafin a kunne.

Ni dai inda suka gama da ni shi ne Fuga y misterio, wanda ke cikin tsohon faifansu na shekarar 2000, South American Getaway. Piazzolla ya tsara shi ne cikin wasansa na waƙa mai suna María de Buenos Aires a 1968. Mutum ɗaya zai fara da karin a guje, na biyu ya shigo da karin nan dai, na uku ya biyo sawu, kowa na korar ɗan'uwansa. A ƙungiyar Piazzolla kunne na iya bambance kowane kayan kiɗa. A nan kuwa duk murya iri ɗaya ce, sai su sarƙe, ka rasa wa ya fara wa ya amsa, amma babu wanda ya taka wani. Kai, gwaninta!

A tsohon faifan nan ne kuma suka yi Adiós Nonino, kiɗan da Piazzolla ya tsara a 1959 da ya samu labarin rasuwar mahaifinsa. Ban ga abin da ya dace da wannan juyayi kamar cello ba, don muryarsa kusa take da ta ɗan'adam. Sun bar shi ya yi kukansa da mutunci, ba su cika masa zaƙi ba.

Masu cewa an raba tango da gidansa su tuna shi kansa Piazzolla irin sukar da ya sha ke nan daga masu riƙon gargajiya. Mutum ne da ya yi karatun kiɗa wajen Alberto Ginastera, sannan wajen Nadia Boulanger a Paris a 1954, kuma ita ce ta ce masa ya riƙe tango. A 1982 ma da hannunsa ya tsara Le Grand Tango domin cello da fiyano, ya sadaukar da shi ga makaɗin cello Mstislav Rostropovich. Ashe ƙofar da kansa ya buɗe ta.

Roƙona ɗaya: kada a saurare su ta lasifikar waya, tana haɗiye muryoyin ƙasa, alhali a can ƙarfin yake. A samu lasifika mai kyau, a ƙara murya, a kira maƙwabci ma ya zo ya ji!