Ƙayyade kuɗin wuta: wa zai biya ragowar?

Duk lokacin da aka tayar da zancen gina tashar lantarki mai ƙona kwal a Najeriya, sai ka ji an ce a kwantar da hankali, ai za a ƙayyade abin da mai amfani da wuta zai biya. Zancen na da daɗin ji, amma rabin magana ce. Sa iyaka ba ya rage tsadar aiki, yana sauya wanda zai biya ne kawai.

Mu fara da kimiyyar. Kwal na ɗauke da farar wuta. In an ƙona shi, tana fita a matsayin iska mai shaƙe ƙirji, tare da toka mai laushi da ke shiga can cikin huhu, ta tayar da asma da ciwon zuciya. Maganin shi ne na'urar wanke hayaƙi: ana fesa ruwan da aka dama da garin dutsen da ake siminti da shi, ya kama fiye da kashi 90 cikin 100 na iskar. Na'urar na da tsada, tana shan ruwa da yawa, tana kuma cin wani kaso na wutar da tashar ta samar.

To ina ruwan mutumin Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa? A yau wutar da KEDCO ke rabawa daga iskar gas take da madatsun ruwa irin su Kainji da Shiroro. Tashar kwal da aka sani a yankinmu ita ce ta SONICHAR da ke jihar Agadas a Nijar. Amma layin wutar ƙasa ɗaya ne. Ranar da aka jona masa tashar kwal, ko a Inugu take, kuɗinta zai iya biyo waya har shagon mai walda a Sabuwa.

Ga yadda iyaka ta yi aiki a Amurka. A jihar Misisipi, an gina tashar Kemper don ta mai da kwal iskar gas ta kuma kama hayaƙinsa. Hukuma ta ƙayyade abin da za a ɗora wa jama'a a kan dala biliyan 2.88. Kuɗin aikin ya haura biliyan 7, a 2017 aka watsar da ɓangaren kwal ɗin, kamfanin ya haɗiye asarar sama da biliyan 6. Iyakar ta yi amfani ne saboda an san wanda ragowar za ta faɗa wa: masu hannun jari.

A Afirka ta Kudu kuwa, Bankin Duniya ya ba Eskom bashin dala biliyan 3.75 a 2010, da sharaɗin sa na'urar wanke hayaƙi a tashar Medupi. Shekaru suka yi ta wucewa ana ɗage aikin. A tashar Kusile, bayan bututun hayaƙi ya karye a Oktoba 2022, gwamnati ta ba da izinin kewaye na'urar na wani lokaci don a rage ɗauke wuta. Ka ga, a nan huhun maƙwabtan tasha ne ya biya.

Mu ma mun ɗanɗana iyaka a gida. A Fabrairu 2020 hukumar NERC ta ƙayyade bil ɗin ƙiyasi ga waɗanda ba su da mita. A Fabrairu 2024 hukumar da kanta ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta 11 naira biliyan 10.5 saboda sun keta iyakar. Wato doka na takarda, bil na zuwa yadda ya ga dama. Wanda ba shi da mita, da me zai auna ko an cuce shi?

Saboda haka duk mai tallata mana iyaka, mu tambaye shi abu uku. In kuɗin aiki ya wuce iyakar, wa zai biya, kamfani ko baitulmali, wanda shi ma aljihunmu ne? Shin an rubuta cewa ba za a sassauta ƙa'idar hayaƙi don a cike giɓin ba, kuma NESREA za ta riƙa wallafa awon da ta yi? Sannan yaushe za a sa wa kowane gida mita?

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda zai ci ribar kwal, shi ya kamata ya biya kuɗin wanke hayaƙinsa, a kuma rubuta haka cikin yarjejeniya kafin a aza tubali ko ɗaya.