Ƙofar Debian stable: inda tsauri ya yi rana da inda ya gaza

Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin rassan Linux, yana da manyan sassa uku: unstable, testing da stable. Sabon ƙunshin manhaja yana fara sauka ne a unstable. Idan ya yi 'yan kwanaki, galibi biyar, ba a gano masa babbar matsala ba, sai ya wuce testing. Shi kuwa stable, da zarar an fitar da shi, kamar Debian 12 a watan Yunin 2023, ƙofarsa ta rufe ke nan. Mai son gyara wani abu a ciki sai ya nemi izinin masu kula da fitarwa, ya nuna musu layukan da ya sauya, gyaran kuma ya zama ƙarami. Sabon fasali kam ba ya shiga.

Wannan tsauri ya yi rana a 2024. Ranar 29 ga Maris, injiniya Andres Freund ya bayyana cewa an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz 5.6.0 da 5.6.1, manhajar matse fayil da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Gurɓatacciyar sigar ta shiga unstable da testing, amma stable na nan da tsohuwar sigarsa, don haka sabobin da ke kansa suka tsira.

To amma fa kada mu yabi dokar fiye da aikinta. Abin da take aunawa shi ne shekarun manhaja da girman gyara, ingancin lambar da ke ciki kuwa ba ta iya gani. A 2006 wani mai kula da ƙunshin OpenSSL a Debian ya cire layukan da ke ciyar da injin samar da lambobin sa'a, don ya kashe wani gargaɗi. Gyaran ɗan ƙarami ne, ya bi duk matakan, ya shiga stable a 2007. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano cewa makullan sirrin da tsarin ke samarwa ba su wuce dubu 33 ba a kowane nau'i. Ka ga, daɗewa a layi bai sa wani ya karanta layukan ba.

Matsala ta biyu ta fi taɓa mu masu bincike. Stable na ɗaukar kimanin shekara biyu kafin sabo ya fito. Ɗalibin da ke buƙatar sabuwar sigar wani ɗakin karatu na Python ba zai jira ba, zai sauko da ita kai tsaye da pip, inda babu mai gadi ko ɗaya. An tsare ƙofar gaba, jama'a na shiga ta taga. Debian ma yana barin sababbin sigogin Firefox ESR da Chromium su shiga stable, ya kuma samar da backports.

A ganina dokar ta cancanci zama, amma tsaurin na bukatar komawa farkon hanya: duk sauyin da mai kula da ƙunshi ya yi wa lambar da ta shafi tsaro, wani mutum na biyu ya duba kafin ya shiga unstable. Kai kuma mai karatu, in kana da saba a kan stable, ka tabbata sabuntawar tsaro a kunne take, ka kuma rubuta duk abin da ka girka daga waje, domin nauyin wannan yana wuyanka.