Pretty. Odd.: Kundin da Ya Raba Ƙungiya Gida Biyu

Idan mawaƙa suka yi kasuwa da kundinsu na farko, abin da kamfani da masoya ke jira shi ne a ƙaro musu irinsa. Panic! at the Disco, ƙungiyar da wasu samari suka kafa a birnin Las Vegas na Amurka, ta ƙi yin haka, kuma ta biya farashi mai tsada.

Kundinsu na farko, A Fever You Can't Sweat Out, ya fito a 2005. Kiɗa ne mai gudu, cike da sautin na'ura, kalmomi na hawa kan juna kamar mawaƙin na tsoron lokaci zai ƙure masa. Waƙar "I Write Sins Not Tragedies" ta ciyo musu kyautar bidiyon shekara ta MTV a 2006.

A 2007 suka keɓe a wani gida cikin duwatsun jihar Nevada suna rubuta sababbin waƙoƙi, daga baya suka watsar da su, suka fara daga tushe. Mu masu rubuta manhaja mun san kasadar rushe abin da ke aiki don gina sabo: waɗanda suka saba da tsohon ba sa yafewa da wuri.

Abin da ya fito a watan Maris na 2008 shi ne Pretty. Odd., wanda Rob Mathes ya jagoranci haɗa shi, aka kuma ƙarasa aikinsa a ɗakin naɗar sauti na Abbey Road a Landan. Sautin na'ura ya kau, goge da bushe-bushe da jita marar lantarki suka maye gurbinsa. Har alamar motsin rai da ke cikin sunansu suka cire.

A ganinmu, babbar ribar kundin ita ce waƙoƙin sun samu sararin numfashi. A "Northern Downpour", Brendon Urie ya daina tsere da kiɗa, sai ga zaƙin muryarsa ya bayyana. Ryan Ross, wanda ya rubuta yawancin baitocin, ya karɓi jagorancin rera "Behind the Sea", kuma raunin muryarsa ya dace da waƙar.

Aibin kuwa a fili yake: kayan aro ba ya rufe katara. A "Nine in the Afternoon" inuwar The Beatles ta yi kauri har mai sauraro kan manta wa yake ji. Sun koyi salon shekarun 1960 da kyau, amma ba ko'ina suka mayar da shi nasu ba.

Kundin ya shiga jadawalin Billboard a matsayi na 2, sai dai bai kamo cinikin na farko ba. A watan Yulin 2009 Ross da Jon Walker suka fice saboda saɓanin inda za a dosa da kiɗan. Urie da Spencer Smith suka dawo da alamar cikin sunan, suka koma kusa da tsohon salo.

Duk da haka, da za a ce mu ɗauki ɗaya, Pretty. Odd. za mu ɗauka. Na farkon ya fi shi tashe, amma a wannan ne muke jin mutum huɗu suna kiɗa tare suna sauraron juna. Marubucin da littafinsa na farko ya karɓu, yake zaune gaban na biyu, ya dace ya saurare shi.