Gwarzon da Ba a Taɓa Kayarwa Ba: Nazarin Fim ɗin "Sugata Sanshiro"

A watan Maris na 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gidajen silima na Japan suka fara nuna wani fim mai suna "Sugata Sanshiro". Shi ne fim na farko da Akira Kurosawa ya shirya, yana ɗan shekara 33, ya kuwa ɗauko labarin daga littafin Tomita Tsuneo wanda ya fito a 1942. Fim ne a kan judo, wato kokowar Japan ta zamani. Ya cancanci malamai su dube shi da kyau, domin tambayar da ke ƙunshe a cikinsa tana gaban kowane mai koyarwa: wane matsayi kuskure da faɗuwa ke da shi a wurin mai neman ilimi?

Labarin ya faro a 1882. Sanshiro, saurayi mai ƙarfi da zafin kai, ya shigo birni neman wanda zai koya masa faɗa. A daren farko ya ga wani malami, Yano, yana jefa maharansa cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Nan take ya tuɓe takalmansa na katako, ya kama jan keken malamin, ya zama almajirinsa. Ba a jima ba ƙarfi ya ruɗe shi, ya shiga dukan mutane a titi. Da malamin ya tsawata masa cewa bai san mutuntaka ba, sai ya yi tsalle ya faɗa kududdufi don ya nuna ba ya tsoron mutuwa. Can ya kwana cikin sanyi, rungume da wani turke. Da gari ya waye ya ga furen bado ya buɗe, girman kai ya sake shi, ya fito ya durƙusa gaban malaminsa.

Wannan wuri shi ne mafi shahara a fim ɗin, kuma Kurosawa ya yi gwaninta a cikinsa. Bai sa malamin ya yi dogon wa'azi ba, bai kuma sa shi ya miƙa hannu ya ciro yaron ba. Ya bar shi da laka da sanyi har ya gane wautarsa da kansa. Darasi ne mai nauyi ga duk malamin da ke gaggawar gyara wa almajiri kafin almajirin ya san ya ɓata.

Sai dai akwai rauni a ginin labarin. Bayan daren kududdufi, Sanshiro bai sha kaye a karo ko ɗaya ba. Ya kayar da Monma, ya kayar da dattijo Murai, daga ƙarshe ya kayar da Higaki a kan tudu, iska na kaɗa ciyawa. Ke nan kuskurensa na hali ne, an kuma wanke shi a dare guda. Kayen da ake sha a fili, gaban jama'a, na abokan karawarsa ne kaɗai. Gaskiya ne masu tace fina-finai na zamanin yaƙi sun yanke kusan minti 17, har aka cike gurbinsu da rubutu a kwafin da ya fi yaɗuwa. Duk da haka, abin da ya rage yana koya wa mai kallo cewa tawali'u hanya ce ta zama wanda ba a kayarwa, alhali judo kanta ba haka take koyarwa ba.

Kano Jigoro, wanda aka gina halin Yano a kansa, malamin makaranta ne, ya kuma daɗe yana shugabantar babbar makarantar horar da malamai ta Tokyo. A 1882 ya buɗe makarantarsa ta judo, Kodokan, a ɗakin wani wurin ibada mai tabarma 12. Har gobe, abin da ake fara koya wa sabon shiga shi ne ukemi, wato iya faɗuwa: ya sunkuyar da haɓa kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya lanƙwasa baya, ya mari tabarma da hannu don rage ƙarfin bugu. Sai ya iya wannan ake sakin sa cikin randori, gwajin da almajirai ke kama juna ba tare da lissafin nasara ba. Dalilin a fili yake. Mai tsoron faɗuwa jikinsa ƙagewa yake, ba ya kai hari, ba ya gwada sabuwar dabara, saboda haka ba ya ƙaruwa. Wanda ya san zai faɗi lafiya ya tashi, shi ke da zuciyar gwadawa, da gwaji kuwa akan san na ƙwarai.

Abin mamaki, fim ɗin yana da mutumin da ya ɗauki wannan darasi, sai dai an ajiye shi a gefe. Shi ne Murai, tsohon gwani, wanda Shimura Takashi ya fito a matsayinsa. Sanshiro ya yi ta maka shi da ƙasa, shi kuwa yana miƙewa da kyar yana komawa fage, har ƙarfinsa ya ƙare ya sallama. Bayan haka, yana kwance yana jinya, ya karɓi saurayin a gidansa ba tare da ƙullaci ba. Da Kurosawa ya ba wannan dattijo filin da ya ba gwarzonsa, da fim ɗin ya fi kusa da gaskiyar tabarma. Tarihi ma ya goyi bayan Murai: a wasannin Olimpik na Tokyo na 1964, inda judo ta fara shiga, Anton Geesink na Holan ya doke Kaminaga Akio a gida, a rukunin da ba a iyakance nauyi ba. Japan ta haɗiye wannan ɗaci, ta koma horo.

Mai kallo a Maraɗi ko Damagaram ba baƙo ba ne ga wannan rauni. Tun gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975, sunan wanda ya ɗaga takobi ake riƙewa, kirari da kiɗa nasa ne. Ba a cika waiwayar shekarun da ya yi yana cin ƙasa a dandalin ƙauye bayan girbi ba, ko da yake can aka ƙera shi. Haka abin yake a aji, inda jan alƙalami kan zama hukunci, yaro ya koyi yin shiru don gudun dariya.

Ƙungiyar da ta samu damar nuna wannan fim ga matasa za ta ci riba idan ta tsayar da shi a wurin karon Murai, ta tambaye su wane ne a cikin mutanen biyu ya fi koyar da su wani abu. Malamin da ya ji amsarsu, watakila gobe ya fara darasi da nuna wa ƴan ajinsa yadda ake faɗuwa.