Dattijan da ke Bin Sawun Shanu a Yelu

Da gero ya soma nuna a Dallol Mawri, a Nijar, garkunan da suka yi damina a arewa sai su gangaro ta Yelu, su nufi Gaya da bakin kogin Kwara. A lokacin ne ake sanin darajar dattijon da ya iya shiga tsakanin manomi da makiyayi.

Gwani ba ya fara magana a zaure. Da sassafe yake zuwa gonar da shanu suka yi wa ɓarna, kafin iska ta shafe sawu, tare da wakilin mai gari da na makiyaya. Ya tsuguna ya duba kashin shanu, ɗanye ne ko ya kwana biyu. Ya bi kofato har inda dabbobin suka ɓullo, ya ga ko mai gonar ne ya cinye burtali da noma. Idonsa na rabe zangarniyar da saniya ta fizge da wadda tsuntsu ya tsattsage. Sannan ya ƙiyasta damin da aka rasa, a gaban kowa. Ɓarnar dare ta fi nauyi, don akan ɗauke ta ganganci.

Ni dai bakinsa ya fi burge ni. Yakan ji kowa shi kaɗai tukuna, ya ƙyale mai fushi ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ya ce, "Malam, haƙƙinka ba zai salwanta ba." Diyyar da zai yanka, wadda manomi zai huce ce, makiyayi kuma ya biya ba tare da an ci mutuncinsa ba.

Nijar ba ta manta da Toda ba, a jihar Maraɗi, inda irin wannan rikici ya ci rayuka fiye da 100 a 1991. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, kuma sai sarakunan gargajiya sun gwada sulhu kafin a kai ga alƙali. Duniya ma ta farga: ƙasashe 42 sun amince a Janiba a 2006 cewa zubar da jini na tauye ci gaba, kuma a 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa zaman lafiya a matsayin buri na 16 cikin muradunta. Ɗan Yelu ya san haka tuntuni, don in aka zare takobi kasuwa ba ta ci, nono ba ya shigowa gari, yara ba sa zuwa makaranta.

Aikin dattijan ya ƙara nauyi tun ƙarshen 2019, da Benin ta hana garkunan ƙetare shiga ƙasarta, dabbobi suka riƙa daɗewa a wannan gefen kogin.