Injin Yanke Ciyawa na Hawa da Bukatar Ƙasar Kurfey

Daga cikin kayan zamani da hotunansu ke yawo a Facebook da WhatsApp, waɗanda kuma wasu 'yan kasuwa ke shigowa da na hannunsu daga Turai ta tashoshin jiragen ruwa na bakin teku, akwai injin yanke ciyawa na hawa, wato ƙaramar mota mai ƙafa huɗu wadda mutum ke zama a kanta yana tuƙi yayin da wuƙaƙen da ke ƙarƙashinta suke aske ciyawa. Sha'awar wannan inji ta fi kama masu manyan filaye, kamar shugabannin makarantu da na ofisoshi da masu gidajen gona da attajiran da suka kewaye hekta ɗaya ko biyu da katanga, kuma tambayar da suka saba yi ita ce wane iri ya fi ƙarfi kuma nawa ne kuɗinsa. A ƙasar Kurfey ta Nijar, daga Filinge zuwa Abala da Sanam, akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan, wato mene ne matsayin ciyawar da za a yanke, domin amsarta ce ke nuna ko injin ya dace da wurin ko bai dace ba.

An ƙirƙiri injin yanke ciyawa na farko a Ingila a shekarar 1830, inda wani injiniya mai suna Edwin Budding ya kwaikwayi na'urar da masaƙu ke amfani da ita wajen daidaita gashin yadin ulu, kuma a shekarar 1902 kamfanin Ransomes ya fara sayar da mai aiki da man fetur. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da unguwannin bayan gari suka yawaita a Amurka, kowane gida da filinsa na koriyar ciyawa, sai kamfanoni suka shiga ƙera na hawa, kamar yadda John Deere ya fitar da ƙaramar taraktarsa mai lamba 110 a shekarar 1963. Abin lura a wannan tarihi shi ne an yi injin ne domin ƙasashen da ruwan sama ke sauka kusan duk shekara, inda ake shuka ciyawa don ado da wasa, inda kuma abin da aka yanke shara ne da ake neman hanyar rabuwa da shi.

Ƙirar injin ma ta bi wannan manufa. A ƙarƙashinsa akwai faranti na ƙarfe wanda faɗinsa kan kama daga santimita 75 zuwa 150, a cikinsa wuƙa ɗaya ko biyu ko uku suna juyawa kusan sau 3,000 a minti guda, suna tsotso ciyawa sama da iskar da suke tayarwa, suna daddatsa ta gutsi-gutsi, sannan su watsar da ita gefe ko su tura ta cikin jaka. Akwai mai inji a baya, wanda shi ne ƙarami, akwai mai siffar tarakta, akwai kuma mai juyawa a wuri ɗaya, wanda kowace ƙafar baya ke da nata tuƙin, amma dukkansu suna bukatar fili shimfiɗaɗɗe mai laima da gajeriyar ciyawa wadda ake aske wa kai kowane mako.

Ƙasar Kurfey ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa. Filinge tana cikin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, Abala kuma, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, tana arewa da ita a kan hanyar iyakar Mali, inda gonakin gero ke ƙarewa makiyaya ta fara. Ruwan shekara a wannan yanki yakan tsaya ne tsakanin milimita 300 da 400, kuma kusan dukkansa yana sauka daga Yuli zuwa Satumba. Ciyawar da ke fitowa, irin su ƙarangiya da komayya da gadagi, mafi yawanta ta shekara ɗaya ce, wato tana tsirowa daga ƙwayar da ta zuba bara, ta yi girma cikin 'yan makonni, ta zubar da iri, ta bushe a tsaye. Irin wannan ciyawa ba ta yin shimfiɗar da ke sake tohowa bayan aski, saboda haka injin da aka saya da miliyoyin kuɗi zai yi aiki wata biyu ko uku, ya kwashe sauran shekara a ajiye batirinsa na mutuwa, tayoyinsa na tsagewa.

Mai son ya ba injin aikin yi duk shekara sai ya shuka ciyawar ado ya riƙa ba ta ruwa, kuma a nan lissafi kaɗai ya isa hujja. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, kuma a lokacin bazara ciyawar da ake so ta zauna kore ba za ta sha ƙasa da milimita 5 a rana ba, wanda a hekta ɗaya ya kama lita 50,000, ko durom 250 masu cin lita 200. Wannan ruwa ya isa ya shayar da shanu fiye da dubu a yini ɗaya. A yankin da mata da yara ke jerin gwano a bakin famfo, wanda kuma tun shekarar 2012 garin Abala ya karɓi dubban 'yan gudun hijira daga Mali da ke shan ruwa ɗaya da 'yan gari, zuba irin wannan ruwa don kallo almubazzaranci ne ko da mai filin da kuɗinsa ya haƙa rijiyar burtsatse, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya tsayawa a iyakar katangar kowa.

Babbar hujja ta biyu ita ce darajar ciyawar kanta. A Kurfey, Hausawa da Fulani da Buzaye da Zabarmawa duk masu dabbobi ne, kuma da zarar rani ya yi nisa busasshiyar ciyawa da harawa da karan gero sukan zama haja, ana ɗora su a amalanken jaki da raƙuma da motoci zuwa kasuwanni har Yamai, farashinsu yana hawa har faɗuwar ruwa. Masana kiwo suna lissafa cewa dabba mai nauyin kilo 250 tana bukatar kilo 6 da kwata na busasshen abinci kowace rana, saboda haka tan ɗaya na ciyawa, wanda hekta ɗaya ke iya bayarwa a shekarar da damina ta yi kyau, abincin saniya ne na kwana 160. Mutanen da suka ga abin da farin 1973 da na 1984 da ƙarancin ciyawa na 2010 suka yi wa garkuna ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Hukuma ma ta san da haka, shi ya sa dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta zo ta cika kundin dokokin karkara na 1993, ta sa ƙa'ida a kan kwasar ciyawa a yankin makiyaya. Injin da aikinsa shi ne ya niƙe ciyawa ya cakuɗa ta da yashi yana lalata abin da jama'a ke saye da kuɗi, wanda doka kuma ke karewa.

Akwai kuma batun ƙasa da gyara. Iskar da wuƙaƙe ke tayarwa tana ɗebo yashi, yashin kuma yana cin wuƙa da faranti da bel, yana toshe matatar iska, idan ya shiga cikin inji ya cinye shi cikin ɗan lokaci. Ƙananan tayoyinsa masu laushi, da aka yi don kada su ɓata ciyawar lambu, suna nutsewa a jigawa, ƙayar aduwa da ta tsidau kuma suna huda su. Bakaniken da ke gyara babur da injin niƙa da injin ban ruwa a Abala zai iya buɗe injinsa, amma bel da wuƙa da akwatin giya mai aiki da matsin mai sai an aika Yamai ko Kano, wani lokaci ma sai an yi odarsu daga waje, a yankin da aka sanya wa dokar ta-ɓaci a shekarar 2017, inda zirga-zirga ba ta da sauƙi. A ƙarshen kaka kuwa, wuƙar da ta daki dutse ko salansar da ta yi zafi a cikin busasshiyar ciyawa tana iya tayar da gobarar da aka sayi injin don gudunta.

Duk da haka, bukatar da ke tura mutane neman inji gaskiya ce, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Harabar makaranta ko ta gidan likita da ciyawa ta rufe a watan Satumba mafaka ce ta macizai da kunamu da sauro, idan ta bushe kuma abincin wuta ce. Lokacin da ake son a yanke ta shi ne lokacin da kowane hannu yake gona, samari da yawa kuma sun tafi ci-rani, yankan lauje a hekta guda kuwa aikin kwanaki ne ga mutum ɗaya. Neman inji a irin wannan hali hankali ne, kuskuren yana cikin nau'in injin da ake zaɓa, alhali kowace ƙwarya tana da abokiyar burminta.

Injin da ya dace da Kurfey shi ne wanda ke yanke ciyawa daga gindi ya kwantar da ita da tsawonta, yadda za a shanya ta, a tattara da manjagara, a ɗaure dami-dami. Wannan shi ne aikin sandar yanka, wato doguwar sanda mai jerin haƙora masu kaifi da ke kai da komo kamar almakashi, wadda ake ɗaura wa a gaban ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu irin wadda kamfanin BCS na Italiya ya shahara da ita, ko a gefen babbar tarakta. Ba ta tayar da ƙura sosai, ba ta bukatar inji mai ƙarfi, ana wasa haƙoranta ko a sauya su ɗaya bayan ɗaya, tarakta mai ƙafa biyu kuma idan kaka ta wuce tana jan amalanke ko garma, ta yadda kuɗin da aka zuba ba ya kwanciya. Ga filin da bai kai rabin hekta ba, injin da ake ratayawa a kafaɗa mai wuƙar ƙarfe ya wadatar, inda kuma makarantar ko ofishin ke da maƙwabta masu dabbobi, yarjejeniyar su yanke su kwashe ta fi kowane inji arha.

Lokacin yanka ma yana da muhimmanci kamar injin. Ciyawar da aka yanke tana ɗanya, daidai lokacin da ta fara fure, aka busar da ita aka adana a inuwa, ta fi gina jiki nesa ba kusa ba a kan wadda ta bushe a tsaye rana da gara suka cinye amfaninta. Sai dai da yake ciyawar ta shekara ɗaya ce, wanda ya yanke fili gaba ɗaya kafin ta zubar da iri, ya maimaita haka shekaru, zai wayi gari da fako, saboda haka wajibi ne a bar wani sashe ya nuna kowace shekara, ana sauya wurin, a kuma bar kututture a ƙasa don iskar hunturu kada ta kwashe ta. Ilimin wannan yana kusa, domin cibiyar kiwo ta Tukunus, kimanin kilomita 20 arewa da Filinge, wadda take inganta shanun Azawak tun shekarun 1950 a kan fili fiye da hekta 4,000, aikinta ya dogara ne a kan tattalin makiyaya.

Tun da inji irin wannan ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, ya fi kyau ƙungiyar makiyaya ko ta manoma ko ma'aikatar magajin gari ta mallake shi, a riƙa ba da haya. A watan Satumba ya yanke harabobi da filayen da aka killace, daga Oktoba kuma ya taimaka wa masu share hanyoyin tare wuta, wato dogayen layuka masu faɗi da ake kwashe wa ciyawa a daji don gobara ta tsaya idan ta iso, aikin da ake yi da hannu kowace shekara tare da ma'aikatan gandun daji. Ciyawar da aka kwashe daga layukan ita kanta abin ajiya ce ga rumbun abincin dabbobi na gari.

Injin hawa yana da wurinsa a Nijar, kamar filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai da lambunan otal-otal na bakin kogi, inda ake da shukakkiyar ciyawa da ruwa da makanikai. Wanda yake da irin wannan fili ya duba faɗin faranti gwargwadon girman wurin, ya zaɓi farantin da aka yi da kaurin ƙarfe, da matatar iska mai hawa biyu, da injin da ake samun kayansa a kasuwar kusa, ya kuma tabbatar akwai bel da wuƙa na ajiya kafin ya biya kuɗi. Amma a Abala da Filinge da Sanam, shugaban makaranta ko magajin gari ko attajirin da zai kashe kuɗi a kan yankan ciyawa ya kamata ya tambayi mai sayarwa abu uku: ko dabba za ta iya cin abin da injin ya yanke, ko bakaniken gari zai iya gyara shi, da kuma aikin da zai yi a watanni tara na rani. Injin da ya kasa amsa waɗannan bai cancanci kuɗin mutumin Kurfey ba.